Shayar da Jariran Zomo da Zawon da Ke Kama Su Bayan Yaye

Tambaya: Ina kiwon zomaye. Wata uwa ta haifi 'ya'ya bakwai kwana biyar da suka wuce, amma ban taɓa ganin ta kwanta ta ba su nono ba, sai na fara ɗura musu madarar shanu da sirinji. Ga kuma wasu da na yaye suna da mako huɗu, yanzu cikinsu yana kumbura, suna zawo, har biyu sun mutu. An ce in zuba musu amoksisilin a ruwan sha. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Abu biyu nake so ka dakatar tun yau: madarar shanun nan da maganar amoksisilin. Na san da kyakkyawar niyya ka nufe su, amma kowanne yana iya ƙarasa maka sauran. Masu zawon kuma kada su kwana ba a kai su wurin likitan dabbobi ba, domin zawo a jikin ɗan zomo lamari ne na sa'o'i, wanda ka gani yana tsalle da safe kana iya tarar da gawarsa da yamma.

Bari in fara da jariran. Rashin ganin uwar a kansu ba hujja ba ce cewa ta yi watsi da su. Zomanya ba ta kwana da 'ya'yanta. Sau ɗaya take shayarwa a yini, wani lokacin sau biyu, galibi cikin dare ko da asuba, kuma duka shayarwar ba ta wuce minti 3 zuwa 5. Takan tsaya a kansu, su tsotsa, ta yi tsalle ta fice abinta. Haka halittarta take: a daji, yawan zaryar uwa a bakin rami shi ke nuna wa maƙiyi inda 'ya'yan suke. Da yawa daga cikin jariran da ake kawo mana a matsayin marayu suna da uwa mai shayar da su sarai, mai su ne bai taɓa kama lokacin ba.

Don haka 'ya'yan za ka duba, ba uwar ba. Da sassafe ka wanke hannu, ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙoshi cikinsa a cike yake, fatarsa sumul, jikinsa da ɗumi, wani lokaci har farin nonon kana hangowa ta fatar cikinsa. Wanda ke cikin yunwa cikinsa a lotse, fatarsa ta yamutse, jikinsa da sanyi, yana ta rarrafe yana neman abin tsotsa. Abin da ya fi ido tabbas shi ne ƙaramin sikeli mai auna giram. Ɗan zomo mai matsakaicin jinsi ana haifarsa da nauyin giram 50 zuwa 60, kuma cikin kamar mako ɗaya yakan ninka wannan nauyin. Ka riƙa auna su kullum a lokaci guda kana rubutawa. Muddin nauyi yana hawa, ka ajiye sirinji. Kada ka ji tsoron taɓa su. Zomanyar gida da ta saba da mai ita ba ta ƙin 'ya'yanta don an taɓa su da hannu.

Idan ka tabbatar ba sa samun nono, har yanzu lokacin sirinji bai yi ba. Ka duba nonon uwar tukuna. In yana da laushi kuma ruwan nono yana fitowa, ka ɗora ta a kan akwatin 'ya'yan, ka riƙe ta a hankali kana shafa bayanta har su tsotsa. Sau da yawa kwana biyu ko uku na haka ya isa ta kama hanya, musamman mai haihuwar fari. In kuwa nonon ya yi tauri, ya yi zafi, ya yi ja ko shuɗi-shuɗi, to ya kamu da ciwo. Ita kanta tana buƙatar likita, kuma 'ya'yanta ba a haɗa su da na wata uwa, don suna iya kai mata cutar a bakinsu. In ba wannan matsalar, kuma kana da wata uwa da ta haihu tazarar da ba ta wuce kwana uku ko huɗu ba, ka ba ta riƙon su, shi ne mafi alheri. Ka sa su cikin akwatinta da safe bayan ta gama shayarwa, ka lulluɓe su da gashin da ta tsige wa nata. Kafin ta dawo sun ɗauki warin sheƙar. Sai dai ka lura, yawancin zomaye kan nono takwas ne da su, kada ka tara mata abin da ya fi ƙarfinta.

Me ya sa nake ta kewaye-kewaye kafin in zo kan shayarwa da hannu? Saboda babu madarar da ke maye gurbin nonon zomo yadda ya kamata. Nononsa yana ɗauke da maiƙo wajen kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari, furotin ma kusan haka, sukarin madara kuwa ɗan kaɗan ne. Madarar shanu maiƙonta bai kai kashi 4 sosai ba, furotin kashi 3 da ɗoriya, sukarinta kuma ya kusa kashi 5. Ka ga ke nan jaririn da aka cika wa ciki da ita yunwa yake kwana da ita, ga kuma sukarin da hanjinsa bai iya sarrafawa ba, sai ya tsinke da zawo. Akwai wani abu kuma da ya fi wannan muhimmanci. Cikin babban zomo yana da tsami ƙwarai, ma'aunin pH ɗinsa tsakanin 1 da 2, kusan duk ƙwayar cutar da ta shiga mutuwa take yi. Na jariri kuwa tsakanin 5 da 6.5 yake, wato tsaminsa kaɗan ne, ba ya iya kashe komai. Abin da ke kare shi wani mai ne da ake samu idan nonon uwar ya haɗu da sinadaran cikinsa, kuma wannan man ne ke hana bakteriya yaɗuwa. Wanda ake shayarwa da hannu ba ya samun wannan kariyar. Duk abin da ya maƙale a sirinjin da ba a tafasa ba, ko a madarar da ta kwana, kai tsaye hanjinsa yake wucewa.

In dai babu makawa, abin da ya fi kusa shi ne madarar gari da ake yi wa 'ya'yan kyanwa, irin su KMR, ko madarar akuya da aka tafasa, a ƙara ɗan kirim marar sukari don maiƙon ya ƙaru. Madarar jariran mutane, da mai sukari ta gwangwani, da zuma, duk ka nisance su. Ka haɗa daidai abin da za a sha a lokacin, ka ɗumama ta har in ka ɗiga a bayan hannunka ka ji ta daidai da ɗumin jiki.

Kafin ka ba shi komai, ka taɓa jikinsa. Jaririn da ya yi sanyi ba a shayar da shi, domin hanjinsa a tsaye yake, madarar za ta zauna ne kawai ta ruɓe. Ka fara ɗumama shi a tafin hannunka ko kusa da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul. A makon farko sheƙarsu tana son ɗumin da ya kai wajen digiri 30 a ma'aunin Salsiyos, kuma kwalbar a gefe ɗaya za ka ajiye ta, yadda in zafi ya yi musu yawa za su iya matsawa.

Wajen bayarwa, ka riƙe shi a zaune ko a kan cikinsa, kansa ya ɗan ɗago. Kada ka kwantar da shi rigingine. Ka yi amfani da sirinji mai mililita 1, ba allura, ka ɗiga ɗigo ɗaya a leɓensa, ka jira ya lashe ya haɗiye, sannan na gaba. Zomo ba ya iya amai, kuma in ya ƙware madarar ta faɗa huhunsa, ciwon huhu ke biyo baya cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda ake shayarwa da hannu. Da ka ga kumfar madara a hancinsa, ka tsaya, ka sunkuyar da kansa, ka goge. Rana ta farko da ta biyu za ka sha fama, yana iya ƙin karɓa sai ɗigo kaɗan. Ka yi haƙuri da shi, kada ka danna sirinjin don ka gaji.

Yawan abin da za a ba shi ya danganta da jinsi da girman jiki, amma ga abin da aka saba bi ga matsakaicin zomo, sau biyu a yini: makon farko mililita 2 zuwa 2.5 a kowane sha, mako na biyu 5 zuwa 7, na uku 7 zuwa 13, daga nan har yaye 13 zuwa 15. Ni na fi son a raba na makon farko gida uku ko huɗu, tunda madarar ba ta kai nonon uwa kauri ba kuma jaririn bai ƙware da sirinji ba. Ciki ya cika ya yi taushi, kada ya yi tauri yana sheƙi. Cika ciki fiye da kima ya fi ɗan ragi haɗari. Bayan kowane sha, ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa ƙasan cikinsa da gindinsa a hankali har ya yi fitsari da kashi, ka ci gaba da haka har idonsa ya buɗe, wato kwana 10 zuwa 12.

Daga buɗe ido ne labarin hanji ke sauyawa, kuma a nan amsar tambayarka ta biyu take. Zomo yana da wata babbar jaka a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, ana ce mata sikam. A cikinta ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke narkar da ciyawa. Daga can ake samun wani kashi mai laushi, mai sheƙi, a cure kamar nonon inabi, wanda zomo ke ci kai tsaye daga duburarsa, galibi da dare ko da safe. Abinci ne a gare shi, yana samun furotin da bitamin B da K daga ciki. Jariri ana haifarsa babu waɗannan ƙwayoyin. Daga kashin da uwar ke bari a sheƙa yake samun iri, ya fara ɗanɗana ciyawa wajen mako biyu zuwa uku, a hankali jakar ta cika da mazaunanta. Shi ya sa ga maraya muke samo wannan kashi mai laushi daga babban zomo lafiyayye, a dama ɗan kaɗan a madararsa na 'yan kwanaki bayan ya buɗe ido. Na ce lafiyayye, kuma in da hali wanda aka gwada kashinsa, don kada a kai masa cuta da sunan magani.

To ka duba halin da ɗan mako huɗu yake ciki ranar da aka raba shi da uwarsa. Kariyar nono ta yanke. Tsamin cikinsa bai gama kai na manya ba. Ƙwayoyin jakarsa ba su gama zama ba. Sinadarin da ke narkar da sitaci bai wadata a hanjinsa ba. A kan wannan kuma an sauya masa keji, wataƙila an sauya abinci. In aka ba shi hatsi, ko burodi, ko 'ya'yan itace, sitaci da sukarin da bai narke ba sai su gangara cikin jakar, su zama abincin miyagun ƙwayoyi. Ɗaya daga cikinsu, Clostridium spiroforme, tana fitar da dafin da ke kashewa cikin yini ɗaya ko biyu, wani lokacin tun kafin a ga zawon sosai. Akwai kuma E. coli, wadda ta fi kama masu shan nono da sababbin yaye, da zawo mai ruwa-ruwa. Gaskiya mako huɗu ya yi wuri ga mai kiwon gida. Manyan gonaki sukan yaye a mako huɗu zuwa biyar, amma da abinci na musamman da tsaftar da ake sa wa ido dare da rana. A wurinka, ka bar su da uwa mako shida aƙalla, takwas ya fi.

Wanda na fi zargi a irin bayaninka shi ne koksidiya, wasu ƙananan halittu na dangin Eimeria da ke rayuwa a bangon hanji. Manyan zomaye da yawa suna ɗauke da su ba tare da alamar ciwo ba, suna zubar da ƙwansu a kashi, 'ya'yan su ɗauka. Masu mako huɗu zuwa kamar wata huɗu su ne abin ya fi kayarwa: rama, tumbi ya fito, gashi ya hargitse, zawo wani lokacin da jini. Wani nau'in, Eimeria stiedae, hanta yake kamawa, in aka buɗe gawar sai a ga ɗigo-ɗigon fari ko rawaya a jikinta. Sai kuma ciwon da ke sa su fitar da majina mai yauƙi a madadin kashi, su daina ci, su riƙa shan ruwa da yawa, su takure suna cizon haƙora, in ka ɗaga su ka ji ruwa yana motsi a ciki. Wani mummunan nau'in ciwon hanji mai kama da wannan ya ɓulla a gonakin Faransa a ƙarshen shekarun 1990, ya bazu a Turai, ya yi ɓarna mai yawa. Waɗannan cututtukan alamunsu suna shiga juna, sau da yawa ma biyu ne suke haɗuwa a jiki ɗaya, shi ya sa ido kaɗai ba ya raba su.

Yanzu maganar amoksisilin. Shi da danginsa, penisilin da ampisilin, har da linkomaisin, kilindamaisin da eritromaisin, in aka ba zomo ta baki, ƙwayoyin jakarsa masu amfani suke kashewa, su bar wa Clostridium fili. Lafiyayyen babban zomo ma suna iya kashe shi, wani lokacin kwanaki bayan an gama ba shi maganin, har mai shi ya kasa gane abin da ya jawo. Ina roƙonka, ko wa ya ba ka shawarar, kada ka zuba. Magungunan da likita zai zaɓa daga ciki daban ne: toltarazuril ko magungunan salfa ga koksidiya, metronidazol in ana zargin Clostridium, da wasu. Awonsu da nauyin jiki ake yi, kuma zuba magani a ruwan sha yana da nasa aibin, tunda wanda ya fi jin jiki shi ne ya fi ƙarancin sha. Maganin tsayar da zawo na mutane ma kada ka ba su da kanka. Yogot kuma, da wasu ke cewa yana gyara ciki, ba abincin zomo ba ne.

Kafin ka isa wurin likita, ga abin da ke hannunka. Ka ware marasa lafiyar daga sauran. Ka ɗumama su, domin mai zawo jikinsa saurin sanyi yake yi. Zafin jikin zomo lafiyayye tsakanin digiri 38.5 ne da 40. Ka ɗaga fatar bayan wuyansa ka saki: in ta tsaya ba ta koma da sauri ba, ruwan jikinsa ya ƙare, kuma rashin ruwan ne ke kashewa kafin cutar kanta. In yana iya haɗiya, ka riƙa ɗiga masa ruwan ORS mai ɗumi kaɗan-kaɗan, a kai a kai. In ya yi laushi ba ya haɗiya, kada ka ɗura, sai ruwan da likita zai sa masa ta ƙarƙashin fata. Ka goge gindinsa da tsumma mai ɗumi ka busar, kada ka yi masa wanka, kada kuma ƙuda ya samu wurin sauka.

Kumburin ciki yana son a bambance. In cikin ya yi taushi, zomon ya rage ci, kashinsa ya ƙanƙance, hanji ne ya yi sanyin aiki. Ɗumi, ruwa, maganin ciwo daga likita, da abinci mai laushi ta sirinji suna tayar da shi. Ɗigon simetikon da ake ba jarirai don iska ba ya cutarwa, ko da yake taimakonsa kaɗan ne. In kuwa cikin ya kumbura farat ɗaya, ya yi tauri, zomon yana numfashi da ƙyar, to kada ka ba shi komai ta baki, kada ka danna cikin. Wataƙila wani abu ne ya toshe hanya, kuma dabbar da ba ta amai ba ta da inda za ta rage abin da ya taru. Wannan na gaggawa ne. Haka ma duk yayayyen ɗan zomon da ya yi sa'a 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba.

Wani abin da ke rikita masu kiwo: in ka ga kashi mai laushi ya manne a gindi, amma a ƙasan kejin akwai busassun ƙwallayen kashi na yau da kullum, kuma zomon yana cin abincinsa, wannan ba zawo ba ne. Kashin daren nan ne da bai cinye ba, galibi don abincin ya yi masa daɗi da yawa, ciyawa ta yi kaɗan. Gyaran abinci ke magance shi. Zawo na gaskiya ruwa ne, babu ƙwallo ko ɗaya, kuma zomon kansa za ka ga ya sauya.

Sauran da ba su kamu ba, yau ka janye musu hatsi, 'ya'yan itace da ɗanyen ganye. Ka cika musu busasshiyar ciyawa mai kyau, marar ƙura, marar fumfuna, su ci iya son ransu, da ruwa mai tsafta. Zaren ciyawa shi ke tura hanjin zomo ya yi aiki, shi ke kuma riƙe ƙwayoyin jakar a kan daidai. Abincin zomo na kamfani, mai furotin kashi 16 zuwa 18 da zaren ciyawa wajen kashi 18, ka rage shi na 'yan kwanaki. A manyan gonaki an ga cewa rage abinci da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a makonnin farko bayan yaye yana rage mace-macen ciwon hanji. Abincin kaji kuwa kada ya kusance su: sitacinsa ya yi yawa, wasu kuma ana sa musu maganin koksidiya irin su monensin da narasin, waɗanda guba ne ga zomo. Duk sauyin abinci a nan gaba ka yi shi cikin kwana 7 zuwa 10, kana cuɗa sabo da tsoho. Ɗanyen ganye ga wanda bai saba ba ka jira ya kai wajen mako 12, iri ɗaya a lokaci guda, ɗan kaɗan, ka duba kashinsa washegari. Waɗanda suka taso suna ci tare da uwarsu tun suna ƙanana sun fi jure shi.

Ƙwan koksidiya ba ya iya kama wani a ranar da ya fito. Sai ya yi kwana ɗaya zuwa biyu ko fiye a wuri mai laima da ɗumi. Don haka kwashe kashi kullum yana katse masa hanya fiye da yadda ake zato. Yawancin magungunan wanke keji ba sa kashe shi. Tafasasshen ruwa, ko ruwan amoniya mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, sannan a ɗauraye a bar kejin ya bushe ƙarau kafin a mayar da su, shi ke aiki. Ka ɗaga mazubin abinci da na ruwa yadda ba za su taka ko su yi kashi a ciki ba. Ka fara hidimar jarirai da lafiyayyu, marasa lafiya a ƙarshe, ka wanke hannu tsakani. Ranar yaye kuma, uwar za ka ɗauke, ka bar 'ya'yan tare a kejin da suka sani, a kan abincin da suka saba.

In za ka tafi wurin likita, ka ɗauki sabon kashi daga zomaye da yawa, har da na uwar, a leda mai tsafta, da ɗan samfurin abincin da kake ba su. In wani ya sake mutuwa, kada ka jefar da gawar: ka naɗe ta ka sa a firji, ban da firiza, ka kai a buɗe a ranar, domin hanjin zomo saurin lalacewa yake yi bayan mutuwa. Ka kuma faɗa masa ranar da ka yaye su, ranar da zawon ya fara, da duk wani magani da suka riga suka sha.